Kafireton Fijo da Kanikawan Katsina

Duk wanda ya yi wayo a Katsina kafin 1990 ya san babu motar da ta kai Fijo 504 farin jini. A Faransa aka fara ƙera ta a 1968, sannan a 1975 kamfanin Peugeot ya buɗe masana'antar harhaɗa motoci a Kakuri, Kaduna. Lokacin kuɗin Udoji sun shigo hannun ma'aikata. Ita ce motar ofis, ita ce ta haya a hanyar Kano da ta Jibiya zuwa Maraɗi, har aka ba Katsina jiha a 1987 tana tashenta.

To amma ran wannan mota yana cikin kafireto, galibi ƙirar Solex. Shi ke gauraya fetur da iska kafin su shiga inji. A cikinsa akwai ɗan kwano mai tara mai, da allura mai tsayar da shi idan ya cika, da ƙananan ƙofofi da ake kira jet. Ƙurar hunturu kaɗan ta isa ta toshe su, sai mota ta riƙa shaƙewa tana mutuwa a silo. In kuwa allurar ta cinye, mai ya yi ambaliya, ga baƙin hayaƙi ga shan fetur.

Bakanike zai kwance shi, ya jera kayan a faranti, ya wanke da fetur, ya hure kowane jet, ya sake gaskit. Gwani ba ya zura waya a jet, don ramin na faɗaɗa mota ta zama rijiya. Daga nan ya tayar da inji, ya riƙa murɗa sukurun saiti yana saurare. Kunne ne ma'auninsa.

Wahalar mai ta shekarun 1990 ta ƙara musu kasuwa, saboda man bumburutu mai gauraye da kananzir. Amma bayan karyewar naira daga 1986, motocin gwanjo sun yi ta kwararowa ta Kwatano, sannu a hankali masu injekta suka mamaye titi. Ita ma Kaduna ta daina 504 a tsakiyar shekarun 2000.

Yau ragowar Fijon suna nan, amma masu wancan kunnen sun tsufa, yaran gareji kuwa sun koma ga kwamfutar gwaji. Wanda ke da tsohuwar 504, ya tura yaro wajen dattijon tun yana iya riƙe sifana.