Samariya: Daga Dandali Zuwa Ginin Aji

Tun kafin zuwan Turawa, garuruwa da yawa a ƙasar Hausa suna da Sarkin Samari, mai kiran gayya da shirya wasan dandali. Bayan Seyni Kountché ya karɓi mulkin Nijar a 1974, lokacin da fari ya addabi ƙasar, sai ya farfaɗo da wannan tsari da sunan Samariya.

A wancan lokacin, a Maraɗi da Damagaram, 'yan samari da 'yan mata kan yi wasan kwaikwayo da dare, suna jan kunne kan auren dole da almubazzaranci. Gari na wayewa su kama kwaɓa ƙasa, su gina azuzuwan makaranta kyauta.

Gwamnati ta ci moriyarsu a siyasance, babu shakka. Amma 'ya'yan talakawa ne suka zauna cikin azuzuwan.