Yadda Jaridar Dokoki ta Faransa Ta Bar Takarda

Tun zamanin dā masu mulki sun san ba a kama mutum da laifin karya dokar da ba a yi shelarta ba. Saboda haka kowace gwamnati tana da jaridar da take buga dokokinta a ciki, irin wadda ake kira Gazet. Tarihin ta ƙasar Faransa abin lura ne ƙwarai.

Cikin 1804, zamanin Napoleon, aka ƙa'ida cewa sabuwar doka za ta fara aiki a lardin Paris bayan kwana ɗaya. Sauran larduna kuwa sai a ƙara musu kwana guda a kan kowane kilomita 100, watau wajen mil 62, gama a kan doki ake kai saƙo. Ashe ke nan abin da ya zama laifi yau a babban birni, a lardi mai nisa halal ne har kwanakinsa su cika.

Cikin 1869 aka fara buga jaridar gwamnati mai suna Journal officiel. A shekara ta 1870 aka sāke tsari, aka ce doka ba ta hau kan mutanen gunduma ba sai jaridar ta iso babban garinsu, ta kwana ɗaya cur. Haka aka yi ta bi shekara fiye da 130.

To, da kwamfuta da intanet suka bazu, sai nisa ya daina zama hanzari. Cikin 2004 aka zartar cewa jaridar da ke kan intanet ƙarfinta ɗaya da ta takarda a gaban alƙali, doka kuma ta fara aiki kashegarin bugawa, in ba an sa mata wata rana dabam ba. Daga nan masu sayen ta takarda suka yi ta raguwa. Ran 1 ga Janairu 2016 aka daina buga ta a takarda ɗungum.

Amfanin wannan a fili yake. An huta da kuɗin takarda da na gidan waya, kowa kuma yana iya karantawa kyauta. Amma akwai tsoho, akwai talaka wanda ba shi da na'ura, ga shi kuwa rashin sanin doka ba ya kuɓutar da kowa. Majalisar ƙasar ba ta manta da su ba. Ta sa sharaɗi cewa wanda duk ya roƙi a ba shi wata doka a takarda, wajibi ne hukuma ta ba shi.

Doki ya wuce, takarda ta bi bayansa, amma hakkin da ke wuyan hukuma bai sāke ba: ta sanar kafin ta hukunta. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu.