TARIHIN WATA GARDAMA: NAWA NE KUƊIN MAI JIFA?

Yau za mu ɗan ajiye maganar Legas da cunkosonta, mu leƙa Amurka, domin akwai wata tsohuwar gardama tsakanina da yayana wanda har yanzu yake zaune a birnin Baltimore, kuma tun shekarar 2013 ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. A kan ƙwallo ne, amma ba irin tamu ta ƙafa ba. Ƙwallon Amurka nake nufi, wadda ake sa hular kwano ana ture juna, ana jifa da wata ƙwallo mai kama da gwanda.

Ga wanda bai taɓa kallo ba, a wannan wasa akwai mutum ɗaya da ake kira kwatabak, wato mai jifa. Shi ne madugu. Kusan duk harin da ƙungiya za ta kai, ta hannunsa ƙwallo take bi, shi yake duban yadda abokan hamayya suka tsaya, ya yanke shawarar wanda zai jefa wa cikin daƙiƙa biyu ko uku, kafin wasu ƙarti su danne shi. Ƙungiyoyi 32 ne a gasar NFL, kuma a kowane zamani waɗanda suka ƙware sosai a wannan aiki ba su kai rabin haka ba. Daga nan tsadar ta samo asali.

Ƙorafin cewa an biya mai jifa fiye da kima ya girmi ni da yayana a wannan harka. A shekarar 1965 ƙungiyar New York Jets ta ɗauki wani yaro sabon fitowa daga jami'a mai suna Joe Namath a kan dala 427,000, mutane suka riƙe baki. Dalilin tsadar shi ne a lokacin gasa biyu ce ke kishiyantar juna, NFL da AFL, kowace tana wawar 'yan wasa. A watan Janairun 1969 Namath ya jagoranci Jets suka doke Baltimore Colts da ci 16 da 7 a wasan ƙarshe na Super Bowl, masu surutu suka yi shiru. Tsofaffin Baltimore da na zauna da su ba su taɓa yafe masa ba.

Babban sauyi ya zo a 1993 da 1994. A ta farko 'yan wasa suka sami 'yancin komawa duk ƙungiyar da suka ga dama in kwantiraginsu ya ƙare. A ta biyu aka ƙayyade kuɗin da kowace ƙungiya za ta iya kashewa a albashin 'yan wasanta gaba ɗaya, dala miliyan 34.6 a waccan shekara. Mai karatu ya riƙe wannan, domin shi ne tushen komai. A ƙwallon Turai, attajiri zai iya buɗe bakin aljihu ya ƙara. A nan kuwa tukunya ɗaya ce, mutum 53 ke ci a ciki, in ɗaya ya yi babbar loma dole wani ya tashi da yunwa. Shi ya sa ɗan kallon Amurka yake lissafin albashin ɗan wasa kamar daga aljihunsa za a biya.

A watan Maris na 2001 Brett Favre na Green Bay ya sa hannu a kwantiragin dala miliyan 100, bayan 'yan kwanaki Drew Bledsoe na New England ya karɓi na miliyan 103 na shekara goma. A watan Satumba Bledsoe ya ji mummunan rauni, aka sa wani yaro da aka zaɓa na 199 a zaɓen sabbin 'yan wasa na 2000, sunansa Tom Brady, ya ci kofi a wannan kakar. Wannan labari yayana ya fi so a duniya, yana ba da shi kamar tatsuniya. Akwai kuma na biyu, na gida: a Janairun 2001 Baltimore Ravens ta ci kofinta na farko, 34 da 7 a kan Giants, da ƙarfin masu tsaron baya irin su Ray Lewis, kuma mai jifarta Trent Dilfer ko kwantiragi ba a sabunta masa ba.

To, mu zo kan Joe Flacco. Ravens ta ɗauke shi a 2008, dogo, mai ƙarfin hannu, fuskarsa ba ta nuna murna ko baƙin ciki. Kowace shekara yana kai su wasannin fid da gwani, amma alƙalumansa tsaka-tsaki ne. Kafin kakar 2012 aka yi masa tayin sabon kwantiragi, ya ce bai yi masa ba, zai buga shekararsa ta ƙarshe a gani. Yaya ya ce yaron nan ya ruɗi kansa. Sai ga shi a Janairun 2013, a Denver, saura ƙasa da minti ɗaya a tashi ana cin su, ya wurga ƙwallo ga Jacoby Jones, aka ci yadi 70 aka yi kunnen doki, daga baya suka yi nasara 38 da 35. A wasanni huɗu na fid da gwani ya yi jifa 11 na ci, ko ɗaya bai faɗa hannun abokan hamayya ba. Ranar 3 ga Fabrairu suka doke San Francisco 34 da 31 a New Orleans, daren da wuta ta ɗauke a filin fiye da rabin awa. Ina zaune a falon yaya a lokacin, muka dubi juna muka fashe da dariya, matarsa ta ce to ga NEPA ta biyo ku har nan.

Wata ɗaya bayan haka aka ba Flacco dala miliyan 120.6 na shekara shida, ya zama ɗan wasa mafi tsada a tarihin gasar. Ranar aka fara rigima. Yaya ya ce, “Kai yaro ne, ba ka san kuɗi ba. Wata ɗaya mutum ya yi abin kirki, sai a ba shi gida da mukulli?” Na ce, “Yaya, to in an sake shi, wa za a kawo? A kasuwar Lexington za a sayo wani?” Bai yi dariya ba. Kuma ba mu kaɗai ba ne, gari duka ya rabu biyu, a rediyo, a shagon aski, tambaya ɗaya ake ta maimaitawa, shin Flacco yana cikin manyan gwanaye ko kuwa sa'a ce ta faɗo masa.

Abin da ya biyo baya ya ba yaya makami. Aka sayar da Anquan Boldin ga San Francisco a kan abin da bai taka kara ya karya ba, Ed Reed ya tafi Houston, Paul Kruger ya tafi Cleveland, Ray Lewis dama ya yi ritaya. A kakar 2013 Ravens ta ci takwas aka ci ta takwas, Flacco ya jefa ƙwallo 22 a hannun abokan hamayya. Sai dai a nan mutane da yawa, har da yaya, sun yi kuskuren lissafi. An tsara kwantiragin ne yadda a shekarar farko dala miliyan 6.8 kacal zai ci daga tukunyar, nauyin aka tura shi gaba. Don haka ba lomar Flacco ce ta kori mutanen nan a 2013 ba. Nauyin ya sauko ne daga baya, har sai da aka sake zama a 2016 aka ƙara masa shekaru don a sassauta. Gaskiyar da ba zan ɓoye ba ita ce, daga sa hannun 2013 har aka miƙa shi Denver a 2019, wasa ɗaya tak na fid da gwani ya ƙara ci wa Baltimore.

Duk da haka ban yarda an yi asara ba, kuma hujjata tana cikin kalanda. Kambun “mafi tsada” bai yi wata biyu a kan Flacco ba, a watan Afrilu Aaron Rodgers ya karɓi miliyan 22 a shekara. A nawa ganin, wannan kambu yana bin wanda kwantiraginsa ya ƙare a daidai lokaci ne, gwaninta tana biye a baya. Kuɗin talabijin na ƙaruwa, tukunya na girma, wanda layi ya zo kansa ya ɗebi rabonsa. Tukunyar 2013 miliyan 123 ce, ta 2024 miliyan 255.4. A 2021 gasar ta ƙulla yarjejeniya da gidajen talabijin ta fiye da dala biliyan 100. In ka duba haka, miliyan 20 ta Flacco wajen kashi 16 cikin 100 ce ta tukunyar zamaninsa. Miliyan 60 a shekara da Dallas ta ba Dak Prescott a Satumban 2024 ta haura kashi 23, alhali bai taɓa kai su ko wasan kusa da na ƙarshe ba. A nan kam na sara wa yaya, lomar ta fi tukunyar saurin girma.

Akwai wani abu da ya ƙara dagula lissafin. A 2010 Sam Bradford ya karɓi miliyan 78 tun bai taka fili ba, sai a 2011 aka ƙayyade albashin sabbin shiga, Cam Newton ya tashi da miliyan 22 na shekara huɗu. Tun daga nan ƙungiyar da ta dace da yaro gwani mai arha take da 'yan shekaru na walwala, ta tara masa mataimaka. Brock Purdy, wanda aka zaɓa na ƙarshe a 2022, na 262, ya kai San Francisco wasan ƙarshe a Fabrairun 2024 yana karɓar ƙasa da dala miliyan ɗaya a shekara. Yaya ya kira ni da asuba, domin a Legas wasan sai bayan sha biyun dare yake farawa, ya ce ka gani ko? A watan Mayun 2025 aka ba Purdy miliyan 265 na shekara biyar. Wannan karon ni na kira shi.

Baltimore ɗin ma ba ta tsira ba. Lamar Jackson, wanda ya karɓe gurbin Flacco a 2018, ya ja da ƙungiyar wata da watanni kafin a ba shi miliyan 260 na shekara biyar a 2023. Abin mamaki, yaya bai ce uffan ba, domin yana son yaron, har rigarsa mai lamba 8 ya saya. Da na tuna masa maganar gida da mukulli, sai ya ce wannan daban ne, wannan yana gudu. A ƙarshen wannan shekara kuma Cleveland ta ɗauko Flacco daga gida yana da shekara 38, ya ci musu wasa huɗu a jere ya kai su fid da gwani. Na tura wa yaya saƙo, ya amsa da kalma biyu: “Sa'a ce.”