Lambu da Shan Iska: Waiwaye a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Gabatarwa

A wurin Bahaushe, lambu wurin aiki ne. Manomi kan kewaye shi da darni a bakin fadama, ya kafa jigo, ya yi ban-ruwan albasa da barkono da rake da rani. Wanda ya shiga lambun wani, ko dai ciniki ya kai shi ko zumunci. Wannan maƙala za ta duba yadda kalmar ta sami ma'ana ta biyu, watau wurin da jama'a ke zuwa kallon tsirrai da shan iska.

Asalin Lambun Kallo

An kafa lambun Kew na Ingila a 1759, aka gina masa babban ɗakin gilashi tsakanin 1844 da 1848 domin raya itatuwan ƙasashen zafi. Ko da yake jama'a na zuwa kallo, babbar manufarsa ita ce gwada tsirran da za su amfani kasuwancin daular Ingila. Da wannan manufa aka buɗe irinsa a Ebute Metta ta Ikko a 1887.

Ƙasar Auduga

Da tsarin ya iso Arewa, sai ya zo da rigar gonar gwaji. An kafa tashar Samaru a 1922, sannan gonar irin auduga ta Daudawa, kusa da Funtuwa, a cikin shekarun 1920. Aka kafa injinan gurza auduga a Funtuwa da Malumfashi. A 1975 kuma Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa ya zo da tallafin Bankin Duniya. Duk ziyarar da manomi ya kai waɗannan wurare ta koyo ce, ba ta hutawa ba. Ɗakin gilashi kuwa ba shi da gurbi a nan, domin tsiro ruwa da inuwa yake nema, ba ɗumi ba.

Lambun shaƙatawa sosai sai a manyan birane, kamar Gidan Zu na Kano da Gwamna Audu Bako ya kafa a farkon shekarun 1970.

Kammalawa

Ke nan yankin da ya ciyar da masaƙu da auduga bai gaji lambun kallo daga Turawa ba. Inuwar kuka da tsamiya da mangwaron bakin fadama su suka tsaya masa. Yanzu da gine-gine ke cin fadamun bakin gari, in ba a keɓe wasu ba, ma'anonin lambu biyu za su salwanta tare.