Asalin Gurasa a Birnin Kano

Wanda ya bi ta Ƙofar Dawanau da la'asar sakaliya, lokacin da 'yan kasuwar hatsi ke komowa gari, da wuya ya rasa mai gurasa a bakin titi, ga kwando, ga kwanon ƙuli-ƙuli a gefe. In ka tambaye shi wa ya gasa, sai ya ce maka a gida aka yi. To, ga yadda gidajen nan suka samo ta.

Gurasa baƙuwa ce. Sunanta ma daga Larabci yake, haka shi ma tanderun da ake gasa ta. Larabawan Tarabulus da Gadamus ne suka zo da ita, waɗanda Kanawan dā ke kira Turawa tun kafin Nasara su zo su gaje sunan. Suka zauna daura da Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya kafa. Unguwarsu har gobe Dandalin Turawa ake ce mata. Su mutanen alkama ne, tuwon dawa bai kama bakinsu ba, sai suka riƙa gashinsu a gida. Sannu a hankali maƙwabta suka ɗauki hannu, sana'ar ta yi gindi a Jakara, har wata unguwa ta ci sunan Ceɗiyar 'Yan Gurasa.

Ba a shiga makaranta don ita. Yarinya za ta tashi ta ga kakarta na kwaɓi tun dare, uwarta na hura tanderu da kara kafin asuba. Da miƙo kara take farawa, sannan a bar ta ta mulmula. Sai hannunta ya saba da wuta za a yarda ta zura shi ta manna ƙullin a bangon tanderu, don nan ne gwaninta take: in ya yi ruwa ya zame cikin toka, in an yi jinkiri ya ƙone. Ranar da aka kai ta ɗakin miji, sana'ar ta bi ta. Da haka gurasa ta fita daga Jakara ta bazu unguwa-unguwa.

Yanzu fulawa da yis sun ture garin alkama, tsadar buhu kuma ta sa gurasar ta ƙanƙance. Amma bandashe, wato a yayyafa mata ruwa, a barbaɗa ƙuli da yaji, a zuba man gyaɗa da albasa, wannan kam hikimar Kanawa ce, Balarabe bai zo da ita ba.