HUJJATUL ISLAM IMAM GAZALI DA LADABIN NAZARIN LITTATTAFAN MAGABATA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanya ilmi ya zama fitila ga bayinSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, da wuya a sami almajirin ilmi wanda bai taɓa jin sunan littafin Ihya'u Ulumid Din ba, amma kaɗan ne suka san irin karatun da mai littafin ya sha kafin ya wallafa shi. Tarihin wannan karatu yana ɗauke da amsar wata tambaya da ke fuskantar kowane ɗalibi: idan littafi ya zo hannunsa, gaskiya da ɓata suna cakuɗe a cikinsa, marubucinsa kuma ba ɗan gida ba ne, yaya zai yi da shi?

Tasowarsa da Neman Ilminsa

An haifi Abu Hamid Muhammad ɗan Muhammad Al-Gazali a garin Ɗus, cikin yankin Khurasan na ƙasar Iran ta yau, a shekara ta 450 bayan Hijira (1058 Miladiyya). Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, ya bar shi tare da ɗan'uwansa Ahmad a hannun wani amininsa sufi. Ya fara karatun fiƙihu a garinsu, daga nan ya tafi Jurjan.

Imam Subki ya ruwaito a cikin Ɗabaƙatus Shafi'iyya cewa a hanyarsa ta komowa daga Jurjan 'yan fashi sun tare ayarinsu, suka kwashe kayansu har da jakar da ya zuba takardun darussansa. Ya bi su yana roƙo a mayar masa da ita. Shugabansu ya yi dariya, ya tambaye shi yadda yake da'awar ilmi alhali ƙwace jaka guda ya raba shi da ilmin. Aka mayar masa. Wannan magana ta zauna masa a zuciya, har ya shafe shekara uku a Ɗus yana haddace abin da ya rubuta.

Daga nan ya nufi Naisabur, ya lazimci Imamul Haramaini Al-Juwaini, ya karanta fiƙihu da usulu da ilmin kalami a wurinsa har Allah Ya yi wa malamin rasuwa a 478 (1085). A shekara ta 484 (1091) Waziri Nizamul Mulk na daular Saljuƙawa ya naɗa shi malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, inda ɗalibai kimanin 300 suke zama a gabansa.

Yadda Ya Karanta Falsafa

Tun zamanin farko na daular Abbasiyawa aka fassara littattafan Yunanawa, irin su Aflaɗon da Arisɗo, zuwa Larabci. Farabi, wanda ya rasu a 339 (950), da Ibn Sina, wanda ya rasu a 428 (1037), suka tsara wannan gado suka faɗaɗa shi, har ya zama abin ado ga masu kaifin basira. Wasu daga cikinsu suka fara sakaci da ibada, suna ganin sun wuce matsayin gama-garin mutane.

Imam Gazali ya ba da labarin wannan zamani da kansa a cikin Al-Munƙizu minad Dalal. Ya duba raddin da malaman kalami suka yi wa masana falsafa, ya tarar da shi tsinci-tsinci ne mai rauni, wanda ba zai gamsar da mai hankali ba. Sai ya kafa wa kansa ƙa'ida: mutum ba zai gane ɓarnar wani fanni ba sai ya san shi kamar yadda gwanayensa suka san shi, har ya zarce su. Raddi kafin fahimta a wurinsa jifa ne a cikin duhu.

Saboda haka ya duƙufa a kan littattafansu shi kaɗai, ba tare da malami ba, a ɗan lokacin da yake samu bayan koyarwa da wallafa. Cikin ƙasa da shekara biyu ya kai ƙarshensu, sannan ya ƙara kusan shekara guda yana maimaitawa yana tunani. Ya rubuta Maƙasidul Falasifa, inda ya shimfiɗa maganganunsu a kan manɗiƙi da ilahiyyat da ɗabi'iyyat kamar yadda suke, bai sa musu baki ba. Amanarsa wajen naƙali ta kai ga cewa da aka fassara littafin zuwa harshen Latin a birnin Ɗulaiɗila na Andalus a ƙarni na 12, mafi yawan kwafe-kwafen ba su ɗauke da gabatarwarsa ba, sai malaman Turai da yawa suka daɗe suna zaton shi ma mabiyin Ibn Sina ne.

Tankaɗe da Rairaya

Bayan fahimta sai tacewa. Imam ya raba ilmomin masana falsafa gida shida, ya ba kowanne hukuncinsa. Lissafi, a wurinsa, hujjoji ne tabbatattu da ba su da alaƙa da tabbatar da addini ko kore shi. Sai dai ya hango masifu biyu a tattare da shi. Ta farko, ɗalibi ya ga ƙwarewarsu a lissafi ya ɗauka haka suke a kowane fanni, ya karɓi maganarsu a kan Allah ba tare da bincike ba. Ta biyu, jahilin masoyin Musulunci ya tashi yana ƙaryata duk abin da ya fito daga bakinsu, har bayaninsu game da husufin rana da na wata, yana zaton kare addini yake yi. Wanda ya san hujjar husufi ba zai yi shakkar hujjarsa ba, sai dai ya yi shakkar addinin da aka ce ya kore ta. Imam ya ɗauki wannan a matsayin babban laifi ga addini.

Manɗiƙi ya ce ma'auni ne na tunani, babu abin ƙi a cikinsa. Ilmin ɗabi'a ya kwatanta shi da likitanci, matuƙar an san cewa ɗabi'a horarriya ce a ƙarƙashin ikon Mahaliccinta. Siyasa da ɗabi'u kuwa ya nuna cewa alherin da ke cikinsu an tsinto shi ne daga koyarwar Annabawa da maganganun bayin Allah na gari. A ilahiyyat ne ya tarar da mafi yawan kurakuransu, domin a nan suka kasa cika sharuɗɗan hujja da su da kansu suka gindaya.

A kan wannan fanni ya kammala Tahafutul Falasifa a farkon shekara ta 488 (1095). Ya ƙidaya mas'aloli 20. Ya hukunta 17 a matsayin bidi'a, uku kuma a matsayin kafirci: cewa duniya daɗaɗɗiya ce ba ta da farko, da cewa Allah Yana sanin abubuwa ne a dunƙule ban da ɗaiɗaikunsu, da musun tashin jikkuna ranar Alƙiyama.

Ya buga misalai da ke saurin shiga zuciya. Zuma ba ta zama ƙazanta don an same ta a cikin ƙahon wanzami. Ƙwararren ɗan canji yakan zura hannu a jakar mai kuɗin jabu ya zaro zinariya tsantsa. Amma bai bar ƙofa a buɗe ga kowa ba: gardi ba ya wasa da maciji a gaban ƙaramin ɗansa, don kada yaron ya kwaikwaye shi ya halaka. Wanda bai ƙware a tushen addininsa ba, a nisanta shi daga waɗannan littattafai har sai ya yi ƙarfi.

Iyakar Takarda

Da wannan hanya ya auna masu ilmin kalami da Baɗiniyya, har wasu suka zarge shi da tsara wa Baɗiniyya hujjojinsu fiye da yadda su suka iya tsarawa. Sannan ya juya ga sufaye, ya karanta Ƙutul Ƙulub na Abu Ɗalib Al-Makki, da littattafan Harisul Muhasibi, da abin da aka ruwaito daga Junaidu da Shibli da Abu Yazid Al-Bisɗami. A nan ya gane cewa wannan fanni ba ya ƙarewa a takarda, kamar yadda sanin ma'anar ƙoshi daban yake da ƙoshin kansa.

Ya binciki niyyarsa ta koyarwa, ya tarar da son girma a cikinta. Daga watan Rajab na 488 ya shiga gwagwarmaya da zuciyarsa ta kusan wata shida, har harshensa ya ɗaure ya kasa ba da darasi. A watan Zulƙida ya bar Bagadaza da muƙaminsa, ya tafi Dimashƙa, sannan Baitul Muƙaddas, ya sauke farali a 489 (1096). A cikin shekarun keɓewar nan ya wallafa Ihya, littafi 40 cikin rubu'i huɗu. Ya koma koyarwa a Naisabur a 499 (1106). Abin lura shi ne zamansa sufi bai sa ya watsar da abin da ya tace ba, domin ya buɗe Al-Mustasfa, littafinsa na usulul fiƙihi da ya rubuta a ƙarshen rayuwarsa, da gabatarwa a kan manɗiƙi. Ya rasu a Ɗus ranar 14 ga Jimada Sani 505 (Disamba 1111), Allah Ya ƙara masa yarda.

Bayan Tafiyarsa

Shi kansa bai tsira daga irin hukuncin da ya yi gargaɗi a kai ba. A 503 (1109), zamanin Ali ɗan Yusuf ɗan Tashfin na Murabiɗun, an ƙone Ihya a birnin Ƙurɗuba. Amma a wannan birni aka haifi Ibn Rushd, wanda ya rasu a 595 (1198). Da ya tashi mayar da martani a Tahafutut Tahafut, sai ya riƙa kawo maganar Gazali sashe-sashe kafin ya amsa ta. Wutar ta mutu, littattafan biyu kuwa ana karanta su har yau.

Muhawarar ta taɓa ƙasar Hausa ta hanyar Shaihu Muhammad ɗan Abdulkarim Al-Magili, wanda ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Ya yi wallafa a fannin manɗiƙi, kuma ya yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi, wanda yake ganin haramcin fannin, yana kare shi. Daga baya Sullam na Akhdari ya zama littafin manɗiƙi da ake biyawa a zaurukan malamai.

Kammalawa

Abin da tarihin Imam Gazali yake koyarwa shi ne jerantawa. Ɗalibi ya fara ƙarfafa tushensa a gaban malami. Sannan ya karanta littafi har ya iya faɗin abin da ke cikinsa ta yadda mai littafin zai yarda haka ya nufa. Sannan ya raba shi sashe-sashe, ya ba kowane sashe hukuncin da ya cancanta. A ƙarshe ya tambayi zuciyarsa don wa yake wannan karatu. Wannan ladabi ya shafi mai nazarin waƙoƙin Jahiliyya da Maƙamatul Hariri, ya shafi mai bitar littattafan tarihi da ruwayoyinsu masu karo da juna.

A wannan zamani da ake yanke wa malami da littafinsa hukunci daga guntuwar magana ta minti biyu a wayar hannu, ya kamata mai karatu ya tuna cewa Hujjatul Islam ya ba abokan jayayyarsa kusan shekara uku na rayuwarsa, kuma da ya gama, mas'aloli uku kacal ya kai su ga kafirci.

Allah Ya jiƙan magabata, Ya saka wa malamai da alheri, Ya azurta almajirai da ilmi mai amfani da adalci a cikin hukunci, albarkar Annabin rahama (S.A.W.). Amin.