Iyayengiji Biyu: Tarihin Aikin Albashi a Maiduguri

A shekarar 1964 aka gama shimfiɗa layin dogon da ya taso daga Kuru, kusa da Jos, ya ratsa Bauchi da Gombe, ya dire a Maiduguri. Tsawonsa ya haura kilomita 600, kuma sai da Najeriya ta ci bashin Bankin Duniya a 1958 kafin a iya aikin. A watan Yunin shekarar da aka gama shi, ma'aikatan ƙasar nan suka ajiye aiki kusan mako biyu, saboda gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta yi jan ƙafa kan ƙarin albashin da kwamitin Mai Shari'a Morgan ya ba da shawara. Leburan da ya ɗauki kwanon tsakuwa a ka cikin zafin Borno bai taɓa ganin Morgan ba, bai san Legas ba, amma a can ake yanke abin da zai kai gida ƙarshen wata.

Tun kafuwar Maiduguri haka ma'aikacinta yake. Iyayengiji biyu gare shi: na kusa mai ba da umarni da tsawa, da na nesa mai yanke kuɗi, wanda ba a ganinsa balle a kai masa kuka.

Maiduguri ba tsohon birni ba ne irin Kukawa ko Ngazargamu. A 1907 Turawan Ingila suka kafa barikinsu a wurin, Shehu Abubakar Garbai kuma ya zauna a Yerwa. Sabon gari yana buƙatar magina, masu dako, masu yankan ciyawar dawaki, masinjoji da kuku. Abin da ya koro mutane zuwa waɗannan ayyuka shi ne haraji, domin Bature ya ce da tsabar kuɗinsa za a biya. Manomin da bai sayar da komai ba dole ya sayar da ƙarfinsa. Kamfanoni irin su UAC suna sayen gyaɗa da fatu da ƙaro, ana kai su tashar jirgi ta Jos ko ta Nguru, wadda aka buɗe a 1930. Farashin kayan daga Ingila yake zuwa, ladan ɗan dako kuwa abin da akawu ya ga dama. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wasu mutanen Borno har ma'adinan kuza na Jos suke zuwa neman kuɗin haraji. Da Japan ta ƙwace Malaya a Yaƙin Duniya na Biyu, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuza, sai ta koma tilasta wa talakawan lardunan Arewa. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa ɗibar mutane ta hannun hakimai da dagatai, abin da jama'a suka kira diban gwamna. Sanyin Filato da ƙarancin abinci da cuta suka kashe da yawa daga cikinsu. Ba a daɗe ba, a 1945, tsadar rayuwa ta jawo yajin aikin gama-gari na kwana 44, wanda sunan Michael Imoudu na ma'aikatan jirgin ƙasa ya yi tashe a cikinsa.

Ɗan boko a Borno kuwa, En'e ce gidan aikinsa. Malamin makaranta, malamin asibiti, magatakarda da ɗan doka duk a ƙarƙashinta suke. Aikin yana da mutunci, sai dai mai ɗaukar ka aiki shi ne mai kotu, shi ne mai gidan yari. Ƙarin girma ya dogara da wanda ka sani a fada, kuma ma'aikacin da ya shiga jam'iyyar adawa ya san yana wasa da abincinsa. Ibrahim Imam, wanda ya yi aiki a sashen ayyuka na En'e, ya bar muƙamin babban sakataren NPC a 1954, ya zama jigon ƙungiyar Borno Youth Movement. Matasan da suka bi shi sun sha dukan 'yan doka da zaman kurkuku. Sai a 1976 gyaran ƙananan hukumomi ya kawo ƙarshen En'e.

Tun kafin nan aka shiga shekarun da tsofaffin ma'aikata ke tunawa da kewa. Maiduguri ta zama hedikwatar Jihar Arewa maso Gabas a 1967. A 1973 aka kafa Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi da hedikwata a garin, a 1975 aka buɗe jami'a. Kuɗin man fetur ya shigo, rahoton Udoji na 1974 ya ɗaga albashi, aka biya har da ariyas. Masinja ya sayi rediyo, malamin makaranta ya hau sabon babur. Kafin a ankara 'yan kasuwa sun ɗaga farashi, suka cinye rabin murnar.

Babban abin alfaharin zamanin shi ne aikin noman rani na Kudancin Tafkin Chadi a Marte, wanda aka tsara domin alkama da shinkafa. An haƙa magudanai, an kafa injuna, an ɗauki injiniyoyi da malaman gona. Sai fari ya sa tafkin ya ja da baya, ya bar magudanan a bushe. Wannan ma wani irin ciwo ne da ba a cika magana a kansa ba: mutum ya yi karatu, ya ƙware, amma ya wayi gari aikinsa bai wuce sa hannu a rajista da jiran ƙarshen wata ba.

A wannan tsaka mai wuya ne ɗan Borno ya hau kujerar shugaban ƙwadago na ƙasa baki ɗaya. Ali Ciroma ya fito daga ƙungiyar ma'aikatan lafiya, ya gaji Hassan Sunmonu a shugabancin NLC a 1984. Lokacinsa ya zo daidai da korar ma'aikata da yawa, da shirin tsuke bakin aljihu na SAP da Janar Babangida ya ɓullo da shi a 1986, bisa tsarin da Bankin Duniya da IMF suke so. Darajar naira ta zube, albashi ya tsaya cak. Ciroma ya ƙi yarda da ƙarin kuɗin man fetur, ya fito ya yi tir da kisan ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello a 1986, an kuma tsare shi saboda tsayuwarsa. A 1988 gwamnatin soja ta rushe shugabancin ƙungiyar, ta ɗora mata kantoma. Ya koma gida Maiduguri, ya rasu a watan Afrilun 2024.

Lissafin abin da ya biyo baya ba ya buƙatar ado. Mafi ƙarancin albashi na naira 125 da aka samu bayan yajin aikin 1981 ya kai kimanin dala 200. Naira 70,000 da aka amince da ita a 2024 ba ta kai dala 50 ba, kuma a ƙarshen shekarar ba ta sayen buhun shinkafa. A watan Fabrairun 2020 Gwamna Babagana Zulum ya kai ziyarar bazata wata firamare a Maiduguri da sassafe, ya tarar da wata malama 'yar asalin Jihar Abiya ta riga kowa zuwa. Ta shekara 31 tana koyarwa, albashinta naira 35,000. Gwamna ya ba ta kyautar naira 100,000, aka ƙara mata girma, jama'a suka yaba. Dubban takwarorinta da ba a tarar da su a bakin aji ba suka ci gaba da karɓar abin da suka saba, alhali malaman makaranta na cikin waɗanda Boko Haram ta fi farauta tun daga 2009.

Rikicin ya sake fasalin aiki a garin. Hana hawa babur a 2011 ya raba dubban 'yan acaɓa da sana'arsu. Da yawa suka koma tuƙa Keke NAPEP na wani, suna fita da asuba domin haɗa balas ɗin mai keke kafin su fara neman na cefane. Daga wajajen 2016 kuma ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje suka cika Maiduguri. Sun biya albashin da gwamnati ba ta iya biya, har nas-nas da malamai suka riƙa barin aikin gwamnati suna komawa can, kuɗin hayar gida ya yi tashin gwauron zabi. Amma aikin na kwantiragi ne, wata shida ko shekara guda, ba fansho, kuma 'yan ƙasa ne ake turawa garuruwa masu haɗari irin su Rann, inda aka kashe ma'aikatan agaji a watan Maris na 2018.

A watan Janairun 2025 Shugaba Donald Trump ya dakatar da tallafin da Amurka ke bai wa ƙasashen waje. Cikin 'yan makonni takardun sallama suka fara isa hannun direbobi, masu gadi, ungozomomi da masu tattara bayanai a Maiduguri, aka rufe wasu cibiyoyin kula da yara masu tamowa. Ma'aikacin gwamnati yana da NLC da za ta iya kiran yajin aiki a madadinsa. Yawancin waɗannan da aka sallama, da direbobin keke masu biyan balas, da malaman makarantun kuɗi, ba su da wata yarjejeniyar albashi da aka ƙulla da sunansu.